Makarantar yara dubu huɗu: a rushe ta, ko a gyara ta a tsaye?

A shekarar 2004 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Robert Balfanz da Nettie Legters, suka yi wani lissafi da ko ɗan firamare zai iya yi. Suka bi makarantun sakandaren gwamnati na Amurka ɗaya bayan ɗaya, suna kwatanta yawan yaran da suka shiga ajin farko da yawan waɗanda suka kai ajin ƙarshe. Sai ga makarantu kusan 2,000 inda cikin kowane yara goma da suka shiga, shida ne ko ƙasa da haka ke kaiwa ƙarshe. Sauran sun zube a hanya. Waɗannan makarantu ba su kai kashi 20 cikin ɗari na sakandaren ƙasar ba, amma kusan rabin yaran da ke watsar da karatu a Amurka daga cikinsu suke fitowa. Da yawansu manya-manyan gine-gine ne a unguwannin talakawa na New York da Chicago da Philadelphia da Detroit, kuma galibin ɗalibansu baƙaƙen fata ne da 'ya'yan mutanen da suka fito daga Latin Amurka.

Shekaru ashirin da suka biyo baya an zuba biliyoyin daloli a kan wannan matsala. An rushe makarantu, an raba wasu gida-gida, an bar wasu a tsaye aka yi ta ɗura musu kuɗi. Abin da ya sa labarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, an auna sakamakon wasu daga cikin gwaje-gwajen da ma'auni mai kyau, abin da ba kasafai ake samu a harkar ilimi ba. Kuma abin da ma'aunin ya nuna ya saɓa da abin da masu kuɗin suka zata da farko, ya kuma saɓa da abin da masu sukarsu suka yi ta faɗa daga baya.

Sakandare ta sama a Amurka shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa aji 12, yaro na shiga yana ɗan shekara 14. Girman makarantun birane ba kuskure ba ne, da gangan aka gina su haka. Makarantar DeWitt Clinton da ke yankin Bronx na birnin New York ta taɓa ɗaukar yara wajen 12,000 a shekarun 1930. A 1959 kuma, shekara biyu bayan Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik hankalin Amurkawa ya tashi a kan ilimin kimiyya, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, James Conant, ya fitar da rahoton da ya ce ƙaramar makaranta ba za ta iya ɗaukar nauyin ɗakin gwaje-gwaje da malamin fizik da na harsunan waje ba, don haka a haɗe ƙanana su zama manya. Hujjarsa tana da ƙarfi, har yau ma. Sai dai a wancan zamani yaron da ya bar makaranta yana ɗan shekara 16 masana'anta na jiransa, zai samu aikin da zai riƙe iyali. Babbar makaranta tana tace 'yan kaɗan zuwa jami'a, sauran su kama gabansu, ba wanda ya kira hakan rikici. Da masana'antu suka rufe a shekarun 1970 da 1980, sai ya zama yaron da ya fita ba shi da inda zai nufa, makarantar kuwa tana nan yadda aka gina ta.

A dubi yinin malami guda a irin wannan makaranta a New York. A wancan lokacin yarjejeniyar ƙungiyar malamai ta yarda a zuba yara har 34 a aji, malami kuma yana shiga aji biyar a rana. Yara 170 ke nan ke wucewa ta gabansa kullum, kowane rukuni minti arba'in da wani abu. Da an kaɗa ƙararrawa, baranda ta cika maƙil kamar tashar mota ranar jajibirin sallah, yaro ya nufi wani bene, wani malami, wasu abokan zama daban. Jami'in ba da shawara guda yana riƙe da fayil ɗin yara ɗaruruwa. A ƙofa akwai na'urar binciken makami, ana layi tun da sassafe, wanda layi ya makarar da shi ya rasa darasin farko. A cikin wannan tsari, idan yaro ya daina zuwa darasin lissafi na mako uku, malamin lissafi ya sani, na Turanci bai sani ba, shugaban makaranta bai ma san sunansa ba. Ba wanda ya ƙi yaron. Babu dai mutum guda da za a nuna a ce yaron nan nasa ne. Wannan ya sa tun 1984 masanin ilimi Ted Sizer yake ta kiran kada a ɗora wa malami fiye da yara 80.

Masu maganin farko malamai ne, ba attajirai ba. Deborah Meier ta buɗe ƙaramar sakandare ta Central Park East a unguwar Harlem ta Gabas a 1985, inda kowane malami ke riƙe da 'yan yara ƙalilan a matsayin uban ɗakinsu, kuma yaran talakawa suka riƙa kammalawa suna wucewa jami'a. A farkon shekarun 1990 aka rufe babbar makarantar Julia Richman da ke Manhattan, aka mayar da gininta mazaunin ƙananan makarantu shida. Daga nan manyan masu kuɗi suka shigo. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta kashe kimanin dala biliyan 2 daga 2000 zuwa 2008 a kan gyaran sakandare, mafi yawa wajen kafa ƙananan makarantu. A 2005 Bill Gates ya tsaya gaban gwamnonin jihohi ya ce musu zamanin sakandaren Amurka ya wuce.

Ba inda aka ɗauki abin da zafi kamar New York, mai tsarin makarantu mafi girma a ƙasar, yara fiye da miliyan ɗaya a lokacin. Michael Bloomberg ya zama magajin gari a 2002, a shekarar ya karɓe ikon makarantu daga hannun hukumar ilimi, ya naɗa Joel Klein ya shugabance su. Klein lauya ne, shi ne ma ya jagoranci ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar da kamfanin Microsoft, sai ga shi yana aiki da kuɗin mai kamfanin, wato Gates. Tsakanin 2002 da 2008 suka rufe manyan sakandare fiye da 20 waɗanda ko rabin ɗalibansu ba sa kammalawa, irin su Morris da Taft da Roosevelt da Evander Childs a Bronx, suka buɗe sababbi fiye da 200.

Yadda aka yi rufewar yana da muhimmanci, don a nan ne New York ta bambanta da sauran wurare. Ba a wayi gari an sa kwaɗo ba. Tsohuwar makaranta za ta daina ɗaukar 'yan aji 9, ta riƙa tsukewa shekara-shekara har 'yan ajin ƙarshe su fita. A cikin ginin kuma sababbin makarantu huɗu ko biyar na tsirowa, kowace tana farawa da aji 9 kawai, yara kimanin ɗari, sannan ta ƙara aji guda duk shekara. Wanda ke son buɗe makaranta sai ya tara tawaga, ya rubuta tsarinsa, ya kare shi gaban kwamiti, a zaɓa ko a ƙi. Shugaba shi ke da babban hannu wajen ɗaukar malamansa. Akwai ƙungiyoyi irin su New Visions for Public Schools da ke tsaye a bayan makarantun da horo da kuɗin farawa. Wato ba rage yawan yara kaɗai aka yi ba. An sake shugaba, an sake malamai da yawa, an fara da yaran da ba su gaji tsohuwar ɗabi'ar gidan ba.

Sa'ar da masu bincike suka taka ita ce, a daidai lokacin birnin ya sauya yadda ake raba yara a sakandare. Masana tattalin arziki uku, Alvin Roth da Atila Abdulkadiroğlu da Parag Pathak, suka tsara hanyar da kowane yaro zai jera makarantu har 12 bisa son ransa, kwamfuta ta yi rabo. Idan masu neman wata makaranta sun fi kujerunta yawa, kuma ba ta tace yara da jarrabawa, sai rabon ya zama tamkar ƙuri'a: wannan ya samu, wancan ya rasa, ba don wani ya fi wani ba. Cibiyar bincike ta MDRC ta bi yara kimanin 21,000 da suka shiga irin wannan ƙuri'a a makarantu 105, ta kwatanta waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Da yake sa'a ce kawai ta raba su, ba za a ce ai yaran da iyayensu suka fi kula ne suka tafi ƙananan makarantu ba. A rahoton 2014, kashi 71.6 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ƙananan makarantun sun kammala cikin shekara huɗu, takwarorinsu kuwa kashi 62.2. Wajen shiga jami'a ko kwaleji, kashi 49 ne da kashi 40.7. Kuɗin da aka kashe kan kowane yaro da ya kammala ma ya fi sauƙi da kashi 14 zuwa 16, saboda yara kaɗan ne ke maimaita shekara ta biyar. Ƙarin yara tara a cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne a unguwannin da aka daɗe da yanke ƙauna a kansu.

Abin dariya, kafin rahoton farko na MDRC ya fito a 2010, mai kuɗin ya riga ya juya baya. A wasiƙarsa ta shekara-shekara ta 2009 Gates ya ce da yawa daga ƙananan makarantun da suka zuba wa kuɗi ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai yadda za a gani ba, gidauniyar ta koma kan auna ingancin malamai. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Makarantar Manual da ke Denver an raba ta uku a 2001 da kuɗin gidauniyar, bene ɗaya makaranta ɗaya, yaran dai su ne, malaman ma kusan su ne. Darussan zaɓi suka ragu, yara suka riƙa guduwa, a 2006 aka rufe ta. Wani masanin ƙididdiga, Howard Wainer, ya ƙara tona wani rami a ƙarƙashin hujjar farko. An ga ƙananan makarantu sun yi yawa a jerin waɗanda suka fi ƙoƙari, aka ce ƙanƙanta ce sirrin. Wainer ya duba ƙasan jerin, sai ga su nan ma sun yi yawa. Dalili kuwa, makarantar da ke da yara 40 a aji, haziƙai biyar ko raunana biyar sun isa su ɗaga ta sama ko su kai ta ƙasa a shekara guda, mai yara 900 kuwa ba ta motsi da sauƙi haka.

To ta yaya magana biyu za su zama gaskiya a lokaci guda? Wasu masu bincike a Jami'ar New York sun raba ƙananan makarantun birnin gida biyu, tsofaffi da waɗanda aka kafa bayan 2002. Sababbin ne suka taimaki yara, tsofaffin ba su yi ba, alhali girmansu ɗaya. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Ƙanƙanta dama ce kawai. Tana sa ya yiwu malamai ashirin su zauna a teburi ɗaya su san kowane yaro da sunansa da halinsa, amma ba ta tilasta musu yin hakan. Inda aka kafa bango a tsakiyar bene aka rataya sabon allon suna, an samu ƙananan makarantu marasa kyau guda uku a madadin babba guda.

Sannan akwai waɗanda suka biya kuɗin nasarar New York, kuma masu yabon Bloomberg ba sa son a daɗe a wannan wuri. A shekarun farko an yarda sababbin makarantu su yi shekara biyu ba tare da ɗaukar yara masu buƙata ta musamman da ke son aji na daban ba, haka ma waɗanda ba su iya Turanci ba tukuna. Ginin da ke ɗaukar yara 3,000 da, in aka raba shi, sau da yawa ba ya ɗaukar adadin nan kuma. Ina sauran suka tafi? Wani rahoto da Clara Hemphill da Kim Nauer na jami'ar New School suka jagoranta a 2009 ya nuna sun kwarara zuwa manyan makarantun da suka rage, waɗanda suka cika suka batse, zuwan yara ya ragu, wasunsu suka shiga jerin rufewa na gaba. Makarantar Jamaica da ke Queens, mai tarihi fiye da shekara ɗari, ta rufe a 2014 bayan dogon rikici da tsofaffin ɗalibanta. Malaman da suka rasa gurbi aka tara su a wani rukuni na masu jiran aiki, ana biyansu albashi suna yawon cike gurbi, abin da ya riƙa cin fiye da dala miliyan 100 a wasu shekarun. A cikin ginin da aka raba kuwa, shugabanni biyar ne ke jayayya kan wa zai shiga ɗakin cin abinci da ƙarfe nawa, wa ke da filin wasa ranar Talata. Makaranta mai yara 400 kuma ba ta iya riƙe malamin fizik na musamman, maganar Conant ta dawo.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. James Kemple ya bi diddigin rufe makarantu 29 a wani bincike na 2015. Yaran da rufewar ta rutsa da su suna ciki ba su cutu yadda ake tsoro ba, ba su kuma ƙaru ba. Ƙannensu da da can nan za a kai su, su ne suka amfana, don sun tafi wuraren da suka fi, kammalawarsu ta ƙaru sosai.

Magajin garin da ya gaji Bloomberg, Bill de Blasio, ya zo da alkawarin daina rufe-rufe. A 2014 ya zaɓi makarantu 94 da ke fama, ya ƙara musu awa guda ta karatu kullum, da asibitin sha-ka-tafi, da masu ba da shawara, da horon malamai. Niyya mai kyau. An kashe dala miliyan 773, a 2019 aka naɗe shirin, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, wasu makarantun ma dole aka rufe su ko aka haɗe su da wasu. Gwamnatin tarayya a zamanin Obama ta zuba kimanin dala biliyan 7 a makarantun da suka fi rauni a faɗin ƙasar, binciken da ma'aikatar ilimi ta fitar da kanta a Janairun 2017 bai ga wani tasiri a sakamakon jarrabawa ko kammalawa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a duk labarin nan bai ci kuɗi irin wannan ba, kuma a Chicago ya faru. Ita ma Chicago ta gwada ƙananan makarantu, ta samu ƙarin kammalawa amma makin jarrabawa bai motsa ba. Sai dai a Jami'ar Chicago akwai wata cibiya da ke riƙe da bayanan ɗaliban birnin na shekaru da yawa. A 2005 Elaine Allensworth da John Easton suka fitar da ma'auni mai sauƙi: idan yaro ya gama aji 9 ya ci darussa biyar na cikakkiyar shekara, kuma a duk shekarar bai faɗi fiye da darasi ɗaya na zango ɗaya ba a manyan darussa huɗu, wato Turanci da lissafi da kimiyya da nazarin zamantakewa, to yana kan hanya. Cikin masu kan hanya, kashi 81 sun kammala a shekara huɗu. Cikin waɗanda suka sauka, kashi 22. Wannan ma'auni ya fi makin jarrabawar shiga, ya fi launin fata, ya fi talaucin gida iya faɗin wanda zai kammala. Yaron da ya shigo da maki na ƙasa amma ya tsallake aji 9 lafiya ya fi haziƙin da ya yi tuntuɓe a shekarar damar fita da takarda.

Bayan shekara biyu suka tambayi abin da ke kayar da yara a aji 9. Malamai da yawa sun ɗauka rashin tushe ne daga firamare. Bayanan suka ce fashi ne. Yaron da bai yi fashin fiye da kwana huɗu a zango ba, kashi 87 na irinsa sun kammala. Mai fashin kwana biyar zuwa tara, kashi 63. Mako guda kacal, wanda ba wanda zai ɗaga kai a kansa a babbar makaranta. Yaron da a ajin baya malama guda ke sa masa ido, ya zo inda ba mai tambayarsa, ya gane zai iya tsallake darasin farko ba abin da zai faru. Kafin a ankara aiki ya taru masa, kunya ta hana shi komawa ajin, ya faɗi darasi biyu, ya zama ɗan shekara 16 a cikin 'yan 14.

Abin da makarantu suka yi da wannan sani ba shi da wani ƙyalli. Hukumar ilimi ta fara aiko wa kowace makaranta jerin sunayen 'yan aji 9 tun kafin su iso, da alamar waɗanda ke cikin haɗari, sannan wani jerin duk bayan 'yan makonni na masu fashi da masu faɗuwa. Malaman da ke koyar da yara ɗaya suka riƙa zama tare suna bin sunaye ɗaya-ɗaya. Wance ta daina zuwa darasin farko, me ya faru? Sai a gano ita ke kai ƙannenta makaranta da safe, a sauya mata jadawali. Wane yana cin kimiyya yana faɗuwa Turanci, to malamin kimiyya me kake yi da shi da mu ba ma yi? A buga wa uwa waya ranar da yaro ya yi fashi, ba ƙarshen zango ba. A ba shi damar biyan aikin da ya wuce shi kafin sifili ya binne shi. Farfesa Melissa Roderick da abokan aikinta suka kafa wata haɗaka da ke horar da shugabanni da malamai kan wannan zama. Yawan 'yan aji 9 da ke kan hanya ya tashi daga kashi 57 a 2007 zuwa kashi 82 a 2013, a cikin manyan gine-ginen nan dai, da malaman nan dai.

Mai shakka zai ce ai malamai ne kawai suka daina kayar da yara. Tambaya ce mai kyau, kuma an bincika. Da sauƙaƙawa ce kaɗai, da yaran sun zube a aji 10 ko 11. Ba su zube ba, kammalawa ta tashi tare da su, kuma matsakaicin makin jarrabawar ACT ta shiga jami'a, wadda ba malaman makarantar ke yi wa maki ba, bai faɗi ba duk da ƙarin dubban yaran da suka kai ga rubuta ta. Amma shakkar tana da gindi a wasu wuraren. A 2017 makarantar Ballou da ke birnin Washington ta yi shelar cewa duk 'yan ajin ƙarshenta sun samu gurbin karatu na gaba, aka yi ta tafi. 'Yan jarida suka tono cewa da yawansu sun yi fashin watanni. Binciken da hukuma ta sa aka yi ya gano kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka kammala sakandaren gwamnati a birnin a shekarar an yaye su ne ba bisa ƙa'ida ba. Duk lambar da aka ɗaura wa albashi ko kujerar shugaba, za a samu masu lanƙwasa ta. Bambancin Chicago, a fahimtata, shi ne lambar ta zo wa malamai da sunayen yara a jikinta tun ana iya yin wani abu, ba a ƙarshen shekara a matsayin bulala ba.

Wanda ya san manyan sakandaren gwamnati na Kano ko Kaduna zai ga wani abu da ya saba gani a nan, ko da yake ba a haɗa ajin yara 34 da ajin da ya haura ɗari wasu na zaune a ƙasa. Bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 jihohi da dama sun raba ƙaramar sakandare da babba, aka samu shugabanni biyu a harabar makaranta guda suna raba rijiya da fili, irin rabon Denver. Rajistar kiran suna kuwa tana hannun kowane malamin aji tun zamanin Turawa. Ana cike ta, a ajiye don mai duba makarantu. Abin da Chicago ta ƙara a kan rajista shi ne zaman da ake buɗe ta a tambayi ina wane.

Akwai kuma makarantar da ta ƙi yarda cewa girma ciwo ne. Brockton gari ne na tsofaffin masana'antun takalma a kudu da Boston, sakandarensa guda ta taɓa ɗaukar yara fiye da 4,000, mafi girma a jihar Massachusetts, da yawansu 'ya'yan baƙi ne daga Cape Verde da Haiti. A jarrabawar jiha ta 1998 kashi 44 na ɗalibanta sun faɗi Turanci, kashi 75 sun faɗi lissafi, ga shi jihar ta ce daga 'yan ajin 2003 ba mai karɓar takardar kammalawa sai ya ci. Wata malamar tarihi, Susan Szachowicz, wadda ita ma a makarantar ta yi karatu, ta haɗa kwamitin malamai suna zama ranar Asabar. Suka tsayar da abu guda: karatu da rubutu da magana da tunani, a kowane darasi. Suka tsara matakan amsa tambaya a rubuce, daga karanta tambayar da ja wa muhimman kalmomi layi har zuwa tsara hujja, suka koya wa 'yan'uwansu malamai, aka yi jadawali, kowane sashe da makonsa. Malamin lissafi ya sa a yi rubutu, na kimiyya ya sa, har malamin wasannin motsa jiki ya zaunar da yara su rubuta. Ana karɓar takardun a duba ko malamai na ba da maki da ma'auni ɗaya. Wasu malaman sun yi gunaguni, ba a kori jama'a ba, ba a rushe komai ba. Zuwa 2010 ci gaban ɗalibanta a Turanci ya zarce na kashi 90 cikin ɗari na sakandaren jihar, Ronald Ferguson na Harvard ya sa ta cikin makarantun da ya yi nazari a kansu a matsayin abin koyi. Ko da yake ita ma Brockton a ciki gida huɗu ce, kowane da launinsa da shugabansa, don haka yaro bai taɓa zama ɗaya cikin dubu huɗu kai tsaye ba.

Szachowicz, wadda ta zama shugabar makarantar, ta yi ritaya bayan 'yan shekaru. A 2023 aka gano giɓin kimanin dala miliyan 18 a kasafin makarantun garin, an kuma sallami ma'aikata da dama har da malamai. Aka riƙa tara yara a ɗakin cin abinci a lokacin darasi saboda babu mai shiga ajinsu, faɗace-faɗace suka yawaita, malamai suka je gaban kwamitin makarantu suna kuka da halin da suke ciki. A Fabrairun 2024 mutum huɗu daga cikin kwamitin suka rubuta takarda suna neman a turo dakarun tsaron jiha su tsare makarantar. Magajin gari ya ƙi, gwamna Maura Healey ma ta ƙi, jihar ta biya kuɗin binciken yanayin tsaro a makarantar a maimakon haka.